Rabi Ta Koma Ko Kada Ta Koma? Gardamar da Wani Littafin Soyayya Ya Bari a Gidajenmu



Akwai wani littafin Hausa da ya haura shekara 30 a duniya, amma har yau in aka ambaci sunansa a tsakar gida, ko wurin zaman suna, ko inda mata suka taru ana kitso, sai murya ta ɗaga, kowa da inda ya sa gaba. Sunansa Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta wallafa a Kano cikin shekarar 1990. Yana cikin jerin waɗanda aka yi wa laƙabi da littattafan soyayya, ko da yake wanda ya buɗe shi da niyyar shan kalaman saurayi da budurwa zai tarar da wani abu dabam. Labari ne na matar aure da aka kora bayan ta tsufa a ɗakin miji, da yadda ta tashi tsaye, da abin da aka yi da ita bayan ta tashi. A kan wannan na ƙarshe ake gardamar, kuma gardamar ta wuce ta littafi, domin da wuya a samu zuri'ar da ba ta da Rabinta.

Manyan cikinmu za su tuna yadda irin waɗannan littattafai suke iso mana. A shekarun 1990 da na 2000, ƴan kasuwar da ke ɗauko atamfa da kaset daga Kano, ta hanyar Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Matamai da Damagaram, su ne ke haɗowa da ƙananan littattafan nan masu siririyar takarda, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Wasu a saye, wasu a ba da su haya, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya cire. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi lakwal da Faransanci a nan suka koyi karatun Hausar boko, suna haɗa baƙi da ƙyar har ido ya saba. Wadda ba ta yi karatun ba kuwa, ƴarta ko ƙanwar mijinta ke karanta mata da dare bayan an sauke tukunya. Saboda haka littafin da mutum ɗaya ya saya, kunnuwa goma suka ji shi, kuma kowane kunne da hukuncin da ya yanke.

Wanda bai karanta ba ya yi mana haƙuri, dole mu fasa ƙwai, don ba a gane gardamar sai an san ƙarshen labarin.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a birnin Kano. Sun yi sama da shekara 20 tare, ta haifa masa ƴaƴa 9. Yana da abin hannu, amma gidansa ba ya gani: kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, ita ce ke ciko da ɗan abin da take samu, shi kuwa yana kashe nasa a waje. Daga nan ya auro Delu, mace wadda ta daɗe tana zaman kanta. Zama bai yi nisa ba rikici ya tashi tsakanin matan biyu, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta ita da ƴaƴanta. Rabi ba ta zauna kuka ba. Ta kama sana'ar abincin sayarwa, ta riƙe yaran, ta ci gaba da tura su makaranta. Ƴarta Saudatu, yarinya mai natsuwa, ta samu miji attajiri mai mutunci, Alhaji Abubakar, rayuwar gidan ta gyaru. A ɗaya ɓangaren kuma alhaki ya bi mai shi kamar yadda sunan littafin ya yi alkawari: gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, ya wayi gari hannu wofi. Sai ya tuna da Rabi. Ya nemi ta koma, ta ce ba ta so. Mazan danginta suka taru a kanta, har da surukin nata Alhaji Abubakar, suka matsa mata lamba sai da ta amince.

Abin da ake faɗa a tsakar gida

Iyayenmu mata, musamman waɗanda suka aurar da ƴaƴa, yawancinsu suna ganin ƙarshen nan ya yi daidai. Mace mai ƴaƴa 9, wadda ta fara karɓar surukai, ina za ta? Gobe za a zo neman auren sauran, za a tambayi gidan ubansu, kuma ya fi daraja a tarar da uwa da uba a inuwa ɗaya. A ganinsu ma Rabi ta riga ta ci riba: wanda ya kore ta ya dawo yana roƙo, duniya ta shaida, kuma yanzu ita ce mai tukunya, ita ce mai faɗa a ji. In ta ƙi, ta zama mai riƙo, ladan haƙurin shekara da shekaru ya zube a bakin ƙofa. Kada mai karatu ya yi saurin raina wannan magana. Masu yin ta sun ga zawarci da idonsu. Sun san yadda ake duban yarinyar da uwarta ba ta ɗakin miji ranar da aka zo bincike, sun san yadda matar wa take canza fuska in zaman ƙanwar miji ya wuce wata uku, sun kuma san cewa tsufa yana zuwa, kuma mai abincin sayarwa ba ta da fansho.

Ƙananan mata kuwa, da waɗanda suka taɓa karɓar takardar saki, sukan rufe littafin da ɓacin rai. Sun bi Rabi shafi bayan shafi, sun ga ta tashi da asuba ta hura wuta, sun ga ta fitar da ƴaƴanta kunya, sa'an nan a ce ladanta shi ne ta koma ta ci gaba da hidimar mutumin da bai tuna da ita ba sai da wuta ta cinye rumfarsa. Tambayar da suke yi guda ce, kuma ban taɓa jin wanda ya amsa ta da kyau ba: da gobarar ba ta tashi ba fa, zai dawo? Wasunsu sun so a ce wani dattijon kirki ya fito, ko da ba mai kuɗi ba, ya ga darajar matar nan ya aure ta, ta ɗanɗani zaman da ba ta taɓa sani ba. Wasu ba su ma nemi wannan ba. Sun so kawai a bar ta da ƴaƴanta da sana'arta, tunda ta faɗa da bakinta cewa ba ta so.

Maza ma sun karanta, ko da yake da yawa sukan ce a hannun uwargida suka gan shi. Wasu na ƙorafin cewa marubuciyar ta yi wa maza kuɗin goro, abin da ba haka yake ba, tunda Alhaji Abubakar ma namiji ne kuma an zana shi da alheri. Wasu kuma abin da ya tsaya musu a rai shi ne gobarar, kuma in tsoronta ya sa wani ya ƙara kuɗin cefane, littafin ya yi aiki. Amma akwai wuri guda da maza da mata, manya da yara, sukan haɗu: tsinuwa ga Delu. Ita ce muguwa, ita ta raba gida. Ba na wanke Delu, marubuciyar ma ba ta wanke ta ba. Sai dai a tuna cewa yunwar gidan Rabi ta girmi zuwan Delu, kuma ba Delu ce ta furta saki ba. Mun saba, a littafi da a zahiri, mu ɗora wa kishiya kayan da miji ya ɗaure da hannunsa, domin zaginta ya fi sauƙi, ba ya ta da ƙura a dangi.

Wa ke da ikon cewa ta koma?

A nan ne nake ganin masu ɓacin rai suna da hujjar da su kansu ba kullum suke sanin ƙarfinta ba. Da yawa suna ɗauka cewa ƙin Rabi son zuciya ne, dangin da suka matsa mata kuma su ne a kan tafarkin addini. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu bai ce haka ba. A mazhabar Imamu Malik, mijin da ya yi sakin kome yana da ikon mayar da matarsa muddin tana cikin idda. Da iddar ta cika, wannan iko ya faɗi, ya zama ɗaya daga cikin manema: sai da sabon ɗaurin aure, da sabon sadaki, da waliyyi, da yardarta. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ilimi ke karantawa, ta bayyana cewa bazawara ba a aurar da ita sai ta yarda, kuma yardar tata da furuci ce, ba da shiru ba, ko da ubanta ne waliyyin. Bukhari ya ruwaito labarin Khansa'u bintu Khizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara, Manzon Allah (S.A.W.) ya warware auren.

Labarin da ya fi kama da na Rabi shi ne na Barira da Mugis, shi ma a cikin Bukhari, daga Ibn Abbas (R.A.). Barira baiwa ce da Nana A'isha (R.A.) ta ƴanta, sai ta samu zaɓi ko ta zauna da mijinta ko ta rabu da shi, ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa, har Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugis ke mata da irin ƙin da take masa. Ya yi mata magana ko za ta koma, a wata ruwayar har ya tuna mata cewa uban ɗanta ne. Sai ta tambaya ko umarni ne yake ba ta. Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Aka bar ta. Mai karatu ya lura: Mugis bai kore ta ba, bai bar ta da yunwa ba, son ta yake kamar ransa, mai ceton kuma shi ne fiyayyen halitta, amma da ta ce a'a maganar ta ƙare a nan. To ina ga Alhaji Abdu?

Ba ina cewa sulhu laifi ba ne. Sulhu alheri ne, kuma akwai matan da suka koma da zuciya ɗaya suka ji daɗin komawar. Dangi suna da damar su yi roƙo, su ba da shawara, su tuna mata da yara. Abin da ba su da shi shi ne su mayar da roƙo ya zama tilas, su kewaye mace da fushin yayye da nauyin suruki har amincewarta ta zama ta wadda ba ta da mafita. Abin mamaki kuma, dangin da suka iya haɗa kai don mayar da Rabi, irinsu ne a zahiri ba sa haɗa kai don tilasta wa uba ciyar da ƴaƴansa bayan saki, alhali ciyarwar nan wajibi ce a kansa, ko uwar ta koma ko ba ta koma ba.

Akwai kuma wani abu da masu fatan Rabi ta samu sabon miji sukan manta, wanda ya sa sabon aure ke yi wa uwa tsada. A fiƙihun Malikiyya uwa ce ta fi cancantar renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, amma in uwar ta auri wani bare wannan haƙƙi yakan koma ga wata daga danginta, kamar kakar yaran. A al'adar wurare da yawa ma ba a jira wannan, da yaro ya tasa uba ke aikowa a ɗauke shi. Saboda haka macen da ke da ƙananan yara, in wani ya fito yana so, ba zuciyarta kaɗai take tambaya ba. Tana lissafin wanda zai riƙe mata su.

Me ya sa aka ba Saudatu, aka hana Rabi?

Wasu masu karatu suna jin haushin marubuciyar kanta, suna ganin ta ja su har bakin rafi ta dawo da su da ƙishirwa. Ni ban ga laifinta ba. Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13 ko ƙasa da haka kaɗan, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilimi a azuzuwan manya. Wadda ta bi wannan hanya ta san yadda ake yanke wa mace hukunci a zaure tana ɗaki. Tun littafinta Budurwar Zuciya na 1987 take rubutu a kan mazan da ke auri-saki, a Wa Zai Auri Jahila? kuma a kan yarinyar da aka raba da karatu aka aurar. Da ta ga dama da ta ƙirƙiro wa Rabi wani Alhajin daga sama. Ta zaɓi ta rubuta abin da yakan faru, ta kuma bar ƙin Rabi a rubuce inda kowa zai gani. Haushin da mai karatu ke ji, dangin Rabi ya kamata ya bi.

Duk da haka akwai abin dubawa. Soyayyar da ke cikin littafin, da kyautatawa, da kalma mai daɗi, duk rabon Saudatu ne, budurwa kyakkyawa, kuma ta hannun attajiri suka zo. Haka abin yake a yawancin littattafan wannan zubi: so na yarinya ne, haƙuri na uwa. Kamar dai macen da ta haura arba'in ta gama da zuciya, saura ciwon gwiwa da jikoki. Wannan tunani namu ne, kuma tarihin magabata bai goyi bayansa ba. Cikin matan Manzon Allah (S.A.W.) Nana A'isha ce kaɗai ya aura tana budurwa. Nana Khadija (R.A.) ta yi aure biyu kafin shi. Ummu Salama (R.A.), da Abu Salama ya rasu sakamakon raunin da ya samu a Uhudu, ta yi addu'ar neman musanya mafi alheri tana tunanin wa zai fi mijin da ta rasa, da neman aure ya zo kuma ta kawo uzurin kishi da shekaru da yara, aka amsa mata su ɗaya bayan ɗaya. Fatima bintu Ƙais (R.A.), bayan saki na uku, manema biyu suka fito, ta nemi shawara, aka gaya mata aibin kowannensu ba ɓoye-ɓoye, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya ba ya ajiye sanda, aka nuna mata Usama ɗan Zaid, ta aure shi ta ji daɗin zaman. A wannan al'umma bazawara mace ce da ake nema, ana kuma tambayar ra'ayinta.

Mu ma ba baƙin sake aure ba ne. Wata masaniyar tarihi ƴar Amurka, Barbara Cooper, ta fitar da littafi a 1997 a kan aure a Maraɗi, inda ta nuna cewa auren fari sau da yawa na iyaye ne, kuma a aure na biyu ko na uku mace kan samu bakin zaɓe. Kakanninmu sun san wannan ba tare da an rubuta ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan sakin da tsadar rayuwa, har zawarci ya zama matsalar da hukuma ke sa baki. A Kano, cikin watan Janairu na 2009, wata ƙungiyar zawarawa da marayu ta shirya zanga-zangar lumana, hukumar Hisba ta hana. A 2012 kuma hukumar ce da kanta, tare da gwamnatin jihar, ta fara aurar da zawarawa a taro, karon farko mata 100. Ko mutum ya yaba da tsarin ko bai yaba ba, ya nuna cewa abin da Hajiya Balaraba ta rubuta a 1990 ba ƙirƙirar marubuci ba ce.

Ƴar uwarta ta Dakar

A gidajenmu da ake karatu da harshe biyu, abin sha'awa yakan faru: uwa ta san Rabi, ƴarta da ke lise ta san Ramatoulaye. Ina nufin tauraruwar Une si longue lettre na Mariama Bâ ƴar Senegal, wanda ya fito a 1979 ya ci kyautar Noma a 1980, kuma ya daɗe ana karantar da shi a makarantun ƙasashenmu. Ramatoulaye malamar makaranta ce mai ƴaƴa 12. Bayan shekara 25 da aure mijinta Modou ya auri ƙawar ƴarsu, ya ƙaurace wa gidan. Bai sake ta ba, ita ma ba ta nemi saki ba. Da ya rasu, tana cikin takaba, ɗan'uwansa Tamsir ya ce zai gaje ta, ta ƙi shi da kakkausar murya. Sai Daouda Dieng ya fito, likita kuma ɗan majalisa, wanda ya so ta tun tana budurwa, mutumin da ba shi da abin kushewa. Shi ma ta mayar da shi, cikin ladabi, a wasiƙa, don tana girmama shi amma zuciyarta ba ta karkata ba, kuma ba ta so ta yi wa matarsa abin da aka yi mata. Maƙwabciyarta Farmata, wadda ta kai wasiƙar ba ta san abin da ke ciki ba, ta dawo tana faɗa kamar ta ari baki.

Ka ga, ga macen da aka kawo wa irin mijin da masu karatu ke yi wa Rabi fata, ta ce ba ta so. Kuma abin dariya, iyayenmu da suka yaba wa Rabi don ta koma, in aka ba su labarin Ramatoulaye sai su koma bayan Farmata: wace irin mace ce Allah zai kawo wa likita ta kore shi? Ƴan matan da suka ji haushin komawar Rabi ma wasunsu ba su ji daɗin wannan ba, don sun so a ƙare da biki. Ashe dukkanmu, manya da yara, mun fi son mu zaɓa wa matar ƙarshen da ya yi mana daɗi a kan mu saurari wanda ta zaɓa.

Sau da yawa akan ce bambancin matan biyu shi ne albashi: Ramatoulaye na da aikin gwamnati, shi ya sa ta iya cewa a'a. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Rabi ma tana da sana'a, ita ke ciyar da gida, ba ta roƙi kowa ba. Abin da ta rasa shi ne mutum ɗaya a cikin mazan danginta da zai ce a ƙyale ta. Sana'a takan fitar da mace daga yunwa, amma ba ta hana a yi taro a kanta.

Kalmar da ake rufe irin wannan taro da ita kuwa kowa ya san ta. Djaïli Amadou Amal, marubuciya daga Marwa a arewacin Kamaru, ta ɗauki kalmar da Fulatanci, munyal, wato haƙuri, ta sa wa littafinta na 2017, wanda aka sake bugawa a Faransa da sunan Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ƴan lise a 2020. Mata uku ne a ciki, Ramla da Hindou da Safira, kuma kowacce da wannan kalma aka raka ta ɗakin miji. Haƙuri ibada ne babba, babu mai musu. Abin da littattafan nan ke tambaya shi ne me ya sa kullum ɓangare ɗaya ake aika wa da shi.

Daga takarda zuwa waya

Ba a bar littattafan soyayya sun sha iska ba tun farko. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridun Nijeriya, inda Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano yana ganin ba su da nauyi, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su. Malamai da iyaye sun zarge su da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Ba duk zargin ne banza ba, akwai na zubarwa a cikinsu. Amma wanda ya haɗa Alhaki Kuykuyo Ne da waɗannan bai karanta shi ba. Littafin ya yi tafiyar da masu kushe shi ba su zata ba: a 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi, mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba suka shiga gardamar Rabi.

Yau rumfunan haya sun ragu ƙwarai. Labaran sun koma cikin waya, ana tura su babi-babi ta WhatsApp da Wattpad, wasu a biya kuɗi kafin a shiga rukunin, wasu kuma a saurare su da murya a YouTube, abin da ya sa wadda ba ta iya karatu ba ta daina jiran ƴarta. Iyaye su sani cewa babu mai tace waɗannan, akwai masu kyau, akwai masu batsa tsirara, kuma tambayar yarinya abin da take karantawa, ko ma a karanta tare, ya fi ƙwace waya amfani.

Babban abin da ya canza shi ne matsayin mai karatu. Da, sai littafi ya fito a gama a yi gardama a tsakar gida, marubuciya tana Kano ba ta ji. Yanzu tana rubutawa ana amsa mata a daren, masu biya suna faɗin wanda suke so a aura da wanda suke so a wulaƙanta, kuma wadda ke son rukuninta ya cika ba ta iya toshe kunne. Shi ya sa labarin bazawara ya yawaita, ƙarshensa kuma kusan iri ɗaya: tsohon miji ya tsiyace, sabo ya zo da mota da gidan bene, ya fi na farko kyau da kuɗi da ƙuruciya, a yi biki na kece raini tsohon yana kallo daga nesa. Masu karatu sun samu ramuwar da aka hana su a 1990. Sai dai bazawarar da ke karanta wannan a ɗakin uwarta a Tawa ko Garwa, manemin da zai yi sallama a ƙofar gidansu yawanci magidanci ne mai mata da yara, mai ɗan shago ko albashin da ba ya kai ƙarshen wata, kuma tambayar farko da za ta yi masa ita ce ko zai yarda ta zo da ƙaramin ɗanta.